Ciwon gwiwa: Sabuwar dabarar kai magani cikin gaɓa da halin da ake ciki a Sabo, Ibadan

A masallatan unguwar Sabo da ke Mokola a birnin Ibadan, kamar sauran masallatan ƙasar nan, kujerun roba sun samu gurbi a gefen sahu. Masu zama a kansu galibi dattawa ne da gwiwa ta hana su sujada. A cikin gidaje ma haka abin yake, sai dai ba a gani: iyaye mata da suka koma sallah a zaune, waɗanda idan suka zauna a kujera 'yar tsuguno sai an miƙa musu hannu kafin su tashi. Wasu na kiran abin sanyin ƙashi, wasu amosani, wasu kuma su ce ai tsufa ne, su haƙura.

A wajen likitoci, mafi yawan irin wannan ciwo shi ne amosanin gaɓoɓi na zaizayewar guringuntsi, wanda suke kira ostiyo-atiraitis. Guringuntsi shi ne farin abin nan mai santsi da ake gani a kan ƙashin kaza ko na rago. Shi ke lulluɓe kawunan ƙasusuwa a gwiwa da kwatangwalo don kada su gogi juna. Idan ya fara cinyewa, sai gwiwa ta riƙa ƙara, ta sanƙare da safe, ta kumbura bayan doguwar tafiya, daga baya ƙafa ta fara gwamewa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da cutar a duniya. Kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma miliyan 365 a gwiwa take damun su. A nan gida, wani bincike da masana daga Jami'ar Ibadan suka yi a garin Igbo-Ora na Jihar Oyo, wanda aka wallafa a 2009, ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kai shekara 40 yana da ciwon a gwiwa.

Duk da wannan yawa, har yau babu wani magani, na sha ko na allura, da hukumomin lafiya suka amince yana tsayar da cinyewar guringuntsi ko ya mayar da wanda ya tafi. Duk abin da ake bayarwa na rage zafi ne. Idan abu ya yi ƙamari sai tiyatar sauya gwiwa, wadda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da na Igbobi a Legas, kuma kuɗinta miliyoyin naira ne. Shi ya sa duk lokacin da aka ji labarin wani sabon bincike a kan cutar, kunnuwa ke tashi. Wanda ake yayi a 'yan shekarun nan shi ne na ƙwayoyin nano.

Me ya hana magani isa wurin?

Kafin a fahimci amfanin ƙwayoyin, sai an san inda gizo ke saƙar. Masana sun daɗe da sanin sinadaran da ke iya zaburar da guringuntsi ya gyara kansa. Kai su wurin ne ya gagara.

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Duk ƙwayar da mutum ya haɗiya, daga ciki take shiga jini, jini ya zaga da ita hanta da ƙoda da zuciya da ko'ina. Abin da ke ƙarasawa gwiwa kaɗan ne, wanda ke shiga cikin guringuntsin kuwa bai taka kara ya karya ba. Wato don a samu ɗan abin da zai taɓa gwiwa, sai an jiƙa jiki gaba ɗaya da magani.

Sai aka ce to a yi allura kai tsaye cikin gaɓar. Nan ma da matsala. Ruwan da ke cikin gaɓa ba a tsaye yake ba, kullum jiki na kwashe shi yana sabuntawa. Yawancin magungunan da aka zuba cikin gwiwa a 'yan awoyi suke ficewa, masu daɗewa su yi kwana ɗaya ko biyu. Ga shi guringuntsin kansa saƙa ce mai matuƙar matsi, ƙwayoyin halittar da ake so maganin ya taras kuma suna can ciki a binne. Kafin maganin ya kutsa, an riga an share shi.

Mutanen Sabo sun fi kowa sanin irin wannan matsala. Unguwar ta kafu ne a 1916 a kan fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa, kamar yadda Bature Abner Cohen ya rubuta a littafinsa na 1969 bayan ya zauna a cikinta. Goro komai kyansa, idan ba a naɗe shi da ganye a huhu ba, bai kai Kano da rai. Idan ya kai ma, sai da maigidan da zai sauki kayan ya riƙe su har a samu mai saye. Abin da magani ya rasa a gwiwa ke nan: huhu da masauki.

Mene ne nano?

Nano ma'auni ne. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Ƙwayar nano kuwa ba ta cika wuce nanomita ɗari ko 'yan ɗaruruwa ba. Ana ƙera ta da kitse, ko da wani nau'in sinadari mai narkewa a jiki irin wanda ake zaren ɗinkin tiyata da shi, a cusa magani a ciki ko a maƙala shi a jikinta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1995 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, maganin kansa da aka naɗe a irin waɗannan ƙwayoyi na kitse. Wanda aka yi wa rigakafin korona na Pfizer ko Moderna a 2021 ma, ƙwayoyin nano ne suka ɗauki sinadarin rigakafin zuwa cikin jikinsa. Abin da ake nema yanzu shi ne a yi wa gwiwa irin nata.

Binciken da ya fi jan hankali shi ne wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a watan Nuwamban 2018, ƙarƙashin Farfesa Paula Hammond da Farfesa Alan Grodzinsky da ɗalibinsu Brett Geiger. Sun yi amfani da wata ɗabi'a ta guringuntsi. Kamar yadda batir yake da kai biyu, fozitif da negatif, haka sinadaran jiki suke ɗauke da caji, kuma na guringuntsi negatif ne. Sai suka ƙera wata 'yar ƙwaya mai rassa kamar bishiya, mai cajin fozitif, ta yadda guringuntsi zai jawo ta kamar mayen ƙarfe. A jikinta suka ɗaura IGF-1, sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen gina tsoka da guringuntsi.

Gwanintar tana wajen daidaita cajin. Idan ya yi yawa, ƙwayar sai ta manne a saman guringuntsi ta ƙi shiga, har ta cutar da ƙwayoyin halitta. Idan ya yi kaɗan, ruwan gaɓa ya tafi da ita. Sai suka rufe wani ɓangare nata da wani sinadari mai laushi, ta yadda za ta riƙa kamawa tana saki tana nutsawa a hankali. Girma ma na da iyaka: gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar tun da farko sun nuna sai abin da bai wuce kimanin nanomita 10 ba ke iya ratsa lafiyayyen guringuntsi har ƙasa.

Da aka yi wa ɓerayen da aka ji wa rauni a gwiwa allurar, maganin ya daɗe a gaɓar ninki goma a kan wanda aka zuba shi tsurarsa, kuma ƙarfinsa ya kai kimanin kwana 30. Guringuntsin ɓerayen bai lalace kamar na waɗanda ba a yi wa ba. Da yake na ɓera siriri ne ƙwarai, sun kuma gwada a kan guringuntsin saniya mai kaurin milimita ɗaya, wanda ya yi kusa da na mutum, ƙwayoyin suka ratsa shi.

Akwai wasu ƙungiyoyin masana da ke bin wasu hanyoyi. A Jami'ar Washington da ke St. Louis, a 2016, an gwada ƙwayoyin da ke ɗauke da saƙon da ke kashe wutar kumburi a cikin ƙwayar halitta jim kaɗan bayan rauni. A Jami'ar Pennsylvania kuma, a 2021, an gwada wasu masu ɗauke da wani sinadarin gina jiki. Su ma duk a kan ɓeraye ne.

Daga ɓera zuwa mutum

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Ɓera nauyinsa bai kai rabin kilo ba, a kan ƙafa huɗu yake tafiya, kuma ciwon da ake gwaji a kansa masu bincike ne suka jawo shi makonni kaɗan da suka wuce. Gwiwar Hajiya mai shekara 65 kuwa ta yi shekara ashirin tana cinyewa a ƙarƙashin kilo 90. Magunguna da dama sun warkar da ɓeraye sun zo kan mutane sun sha ƙasa.

Abin da ya kai kasuwa mafi kusa da wannan dabara shi ne allurar Zilretta, wadda Amurka ta amince da ita a watan Oktoban 2017. Tsohon maganin kumburi ne, wato tirayamsinolon, aka zuba a cikin ƙananan ƙwallaye masu narkewa a hankali. Ƙwallayen sun fi nano girma nesa ba kusa ba, don haka ba sa shiga guringuntsi, a cikin ruwan gaɓa suke zama suna sakin magani har kusan wata uku. Tana da fa'ida ga masu ciwon suga, don ba ta tayar da suga kamar allurar da aka saba. Amma a babban gwajin da aka yi, duk da ta fi allurar ruwan gishiri rage zafi, a babban ma'aunin gwajin ba ta yi wa tsohuwar allurar mai araha wani fintinkau ba. Kuɗinta lokacin da ta fito ya haura dala 500 a kan gwiwa ɗaya, kuma ba ta gyara guringuntsi.

Akwai wani darasi daga gwajin wani sinadari mai suna sifrifamin, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2019. An yi wa ɗaruruwan mutane allurarsa, bayan shekara biyu hoto ya nuna guringuntsinsu ya ɗan ƙara kauri. Sai dai zafin da suke ji bai bambanta da na waɗanda ba su samu maganin ba. Dalili kuwa, guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Raɗaɗin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa, da fatar da ta lulluɓe gaɓar, da jijiyoyin da ke kewaye. Ke nan ko an yi nasarar kai magani cikin guringuntsi, rabin aikin aka yi.

A ganina, idan wannan fasaha ta nuna, ba tsofaffinmu za ta fara amfana ba. Maganin da ke zaburar da guringuntsi yana buƙatar ya taras da sauran guringuntsin. Wanda ƙashinsa ya riga ya haɗu da ƙashi, babu abin da za a tasa. Waɗanda za ta fi yi wa rana su ne matasa: ɗan acaɓan da ya faɗi a shataletalen Mokola gwiwa ta bugu, ko yaron da ya gurɗe a wajen ƙwallo. Irin wannan rauni ne ke komawa amosani bayan shekara goma ko sha biyar, kuma shi ne ainihin abin da gwaje-gwajen ɓerayen suka kwaikwaya.

Ba a bar Jihar Oyo a baya ba a fagen nano. A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso akwai ƙungiyar masana ƙarƙashin Farfesa Agbaje Lateef da ta yi suna wajen haɗa ƙwayoyin nano daga tsirrai. Abin sha'awa, har da kwanson goro da ɓawonsa suka yi amfani wajen haɗa ƙwayoyin azurfa masu kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsu ba na gwiwa ba ne, kuma a ɗakin gwaje-gwaje yake, amma ya nuna ilimin ba sai an haye teku ba.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba ko man shafawa ko faci, a WhatsApp ko a bayan mota da lasifika, ya ce na nano ne mai mayar da guringuntsi sabo, ku riƙe kuɗinku. Abin da manyan jami'o'in duniya ba su gama gwadawa a kan mutane ba, ba zai ɓullo a tasha ba. Lambar NAFDAC a jikin kaya ma ba ta nufin an tabbatar da duk abin da mai talla ya faɗa da baki.

Haɗarin da ke kusa

Abin da ya fi damun likitoci a yanzu shi ne maganin da mutane ke sha kullum. Wanda sana'arsa ta tsayuwa ce, mai suya ko mahauci ko ɗan dako ko ɗan canjin da ke yini a bakin titi, ba zai iya kwanciya don gwiwa ba. Sai ya biya kemis a haɗa masa. A ƙullin nan sau da yawa akan samu diklofenak da ibuprofen da piroksikam a tare, alhali duk dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce ke ninkuwa: gyambon ciki mai zubar da jini, hawan jini, da lalacewar ƙoda. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, ko mai suga, ko mai hawan jini, ko wanda ke sha cikinsa babu komai, ko a lokacin zafi da jiki ba ruwa. Ƙoda kuwa ba ta yin ƙara. Sai ta yi nisa ake ganin kumburin ƙafa da fuska.

Na biyu shi ne firednisolon da deksametason. Suna sa mutum ya ji garau cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su. Amma wanda ya daɗe a kansu fuskarsa kan yi zagaye, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa a hankali.

Allurar cikin gwiwa ma ba a mayar da ita abinci. A wani gwaji na mutum 140 da aka wallafa a 2017, waɗanda aka riƙa yi wa allurar tirayamsinolon duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi a kan waɗanda aka yi wa ta ruwan gishiri, kuma zafinsu bai fi raguwa ba. Tana da amfani jefi-jefi idan gwiwa ta tashi, amma a hannun likita, a wuri mai tsafta. Allura ɗaya mai datti na iya sa gaɓa ta yi ruwa ta lalace gaba ɗaya. Haka tsaga ko ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura, musamman ga mai suga.

Abin da ke hannu

Sabo na da sa'ar da unguwanni da yawa ba su da ita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wato UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana nan kusa da Mokola. Yana da sashen ƙashi da na gashin ƙashi, kuma tun 2012 yake da cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih, irinta ta farko a Najeriya.

A sashen koyar da gashin ƙashi na jami'ar ne Farfesa Aderonke Akinpelu da abokan aikinta suka tsara wani ma'auni na musamman don masu ciwon gwiwa da kwatangwalo. Sun lura ma'aunan Turawa ba sa tambayar abubuwan da suka dami mutanenmu, sai suka sa tambayoyi a kan zaman sallah, da tsuguno a masai, da durƙusawa gaida manya. An fassara shi zuwa Hausa, aka wallafa sakamakon gwajin fassarar a 2008. Wannan ya nuna akwai likitocin da suka san cewa ga mai ciwo, samun sauƙi na nufin ya iya zaman tahiya.

Shawarar da ƙa'idojin jinya na duniya suka haɗu a kai ba ta da armashi, amma ita ke aiki. Ta farko motsa jiki, musamman ƙarfafa naman gaban cinya, wanda shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Mutum ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa ɗaya sambal, ya riƙe ya ƙirga goma, ya sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. A makonnin farko zafi kan ɗan ƙaru, ba alamar lahani ba ce. Zama wuri ɗaya don tsoron ciwo shi ke ƙara sanƙarar da gaɓa. Wannan ya fi shafar iyaye mata da ba sa fita sosai. Zagaya tsakar gida na minti goma sau biyu ko uku a rana ya fi babu.

Ta biyu rage ƙiba. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. A gari mai hawa da gangara kamar Ibadan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen magani, ƙa'idar jinya ta Ingila ta 2022 ta ce a fara da na shafawa, kamar man diklofenak, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Idan sai an sha, a sha guda ɗaya, mafi ƙarancin adadi, na ɗan lokaci, tare da maganin kare ciki. Ƙa'idar ba ta goyi bayan gulukosamin ba, duk da tsadarsa da farin jininsa, haka ma magunguna masu ƙarfi masu sa maye. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, sai dai a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. 'Ya'ya za su taimaka ƙwarai idan suka sa wa iyaye masai na zama ko maƙalar ƙarfe a bango, suka ɗaga musu gado da kujera, suka canza musu gajeriyar tsintsiya da mai dogon hannu.

Ba kowane ciwon gaɓa ba ne wannan amosanin. Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi kamar wuta, ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar, don tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga. Idan gaɓoɓin yatsun hannu biyu ne suka kumbura tare, sanƙarewar safe kuma tana wuce awa ɗaya, wata cuta ce daban mai nata magani, kuma saurin farawa na hana naƙasa. Matashin da ke ɗingishi da ciwon kwatangwalo a duba ko yana da sikila. Wanda kuma ya daɗe yana shan maganin kemis, ranar da zai je ganin likita ya tafi da kwalayen da ƙullin gaba ɗaya, ya roƙi a auna masa jini da suga da ƙoda.